Kundin gyaran sunan shagon Kawu a Google

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Duk wanda ya rubuta sunan shagon Kawu a Google yau, abin da zai fara cin karo da shi wani akwati ne mai taswira, da hoto guda dishi-dishi, da jan rubutu mai cewa an rufe wurin har abada. Lambar wayar da ke ciki ta wani yaron shago ce da ya koma Illela tun tuni. Adireshin kuwa na Babbar Kasuwar Sakkwato ne, rumfar da wuta ta cinye a gobarar Janairun 2021. Tun daga lokacin Kawu ya dawo da aikin zauren gida a Shiyar Madunka, inda kakanninmu suka yi dukanci, kuma basilla ba ta huta ba.

Wata Hajiya mai sarin tumtum da jakunkuna daga Abuja ce ta fargar da mu. Ta ce ƙawayenta sun nemi ta haɗa su da mu, da suka duba waya suka ga an rufe sai suka kai kuɗinsu wani wuri. Na nuna wa Kawu, ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Wa yac ce mun ruhe? Je ka goge shi mana." Na ce Kawu ba ni na rubuta ba, kuma ba ni da ikon gogewa tukuna. Ya ce, "To wa ad da ikon?" Nemo amsar wannan tambaya shi ne aikin da aka ɗora mini, a nan kuma zan riƙa rubuta inda aka kwana.

Asabar, 18 ga Janairu

Akwatin iri biyu ne, kuma yawancin ruɗanin da mutane ke shiga daga haɗa su ne. Na farko shi ne na wurin sana'a, mai taswira da lokacin buɗewa da taurarin da masu saye ke bayarwa. Wannan ana sarrafa shi ta Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne, kuma mai shago yana iya karɓar ragamarsa idan ya tabbatar da cewa wurin nasa ne. Kafin ya karɓa kuwa, kowa na iya ba da shawarar gyara: ya canza awa, ya matsar da alamar taswira, ko ya ce an rufe. Zatona wani ne ya je kasuwa bayan gobara ya tarar da toka, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ban ga laifinsa ba.

Na biyu, babban akwatin bayani, shi ne wanda ke fitowa idan ka nemi Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Shehu Shagari. A kwamfuta yana gefen dama, a waya yana sama. Wannan daga wani rumbu yake fitowa mai suna Knowledge Graph, wanda Google ya ƙaddamar a watan Mayun 2012 da abubuwa kusan miliyan 500 da bayanai biliyan 3.5 a kansu. Zuwa 2020 kamfanin ya ce rumbun ya kai abubuwa biliyan 5 da bayanai biliyan 500. Rumbun yana tsintar bayani daga Wikipedia da 'yar'uwarta Wikidata mai tara bayanai a jere, da shafukan hukumomi da jaridu da sauransu, yana gwada wannan da wancan, abin da ya ga bakin majiyoyi ya zo ɗaya a kansa shi yake ɗauka. Ba a cike fom a nemi irin wannan akwati, na'ura ce ke buɗe shi da kanta in ta ga abin ya isa.

Don haka na raba aikin gida biyu: mu karɓo na farko, na biyu kuma mu share masa hanya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na zauna na tattara duk inda sunanmu ya bayyana. Abin da na tarar ya isa ya ruɗa mutum, balle na'ura. A takardar rajistar hukumar CAC suna ɗaya ne, na Turanci mai tsawo. A allon ƙofa an taƙaita shi. A littafin rasit an ƙara "da 'ya'yansa". A Facebook ƙanena ya buɗe shafi da laƙabin da abokan Kawu ke kiransa da shi, a Instagram kuma 'yar Kawu ta buɗe wani da nata salon. Lambobin waya uku ke yawo. Wani shafin jerin 'yan kasuwa, wanda ba mu san ranar da ya kwashi bayaninmu ba, ya kai mu Kano, ya haɗe mu da wani shagon fata mai kama da sunanmu.

Da dare bayan Isha'i aka yi zama a zaure. Kawu ya so a bar sunan rasit don shi tsofaffin abokan ciniki suka sani. Yaya babba ya ce a bi na rajista. Na kawo musu ƙa'idar Google cewa sunan da za a sa ya zama wanda ke jikin allo da takardu, wanda jama'a suka san wurin da shi, ba tare da cusa wasu kalmomin talla ba. Masu ƙara irin su "mafi arha a Arewa" a cikin suna sukan wayi gari an dakatar da akwatinsu. Aka tsaya a kan na allon ƙofa, tunda shi ne farkon na rajista. Lamba kuma guda, ta wayar shago mai WhatsApp.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar ɗaukar bidiyon tabbatarwa. A da akan aiko kati ta gidan waya mai lambar sirri, amma zaɓin da aka ba mu bidiyo ne, kuma ya fi mana, don lungunmu ba lambar gida. Sharaɗin shi ne a ɗauka a tafi ɗaya ba yankewa, a nuna unguwa, a nuna allo, a nuna kayan aiki, a kuma nuna abin da ke tabbatar da cewa mai ɗauka yana da hannu a wurin.

Mun fita da sassafe, hazo bai gama sauka ba. Na fara daga bakin titi inda allon masallaci yake, na biyo lungu, na wuce mai koko, na tsaya a ƙofa. Kawu ya ciro makulli daga aljihun 'yar shara ya buɗe kwaɗo a gaban kyamara, fuska a ɗaure kamar mai ba da shaida a kotu. Muka shiga: ga jajayen fatun akuya a rataye, ga tukunyar kuloko da ake baƙanta fata da ita, ga dutsen da ake sassabe fata a kai ya yi sulɓi saboda shekaru, ga gafakar Alƙur'ani da aka ɗinke rabi. Na ƙare da takardar rajista da littafin rasit. Ƙa'ida ta ce kada a nuna fuskokin mutanen da ba su cikin lamarin, sai da na kori yaran lungu da suka yi layi suna ɗaga hannu.

Alamar taswira ma na gyara ta. Na tsaya a bakin ƙofa na sa ta daidai inda nake, na kwafi gajeriyar lambar wuri da Google Maps ke bayarwa, wadda ake kira Plus Code. Ita za mu riƙa tura wa masu Keke da direbobin tasha maimakon "bayan masallaci, ka tambayi gidan dukawa".

Laraba, 12 ga Fabrairu

An amince. Jan rubutun ya tafi, adireshi ya dawo Madunka, tsohon wurin na kasuwa an nuna ya ƙaura. Na ɗora hotuna na gaskiya, waɗanda aka ɗauka da hasken hantsi, don kada launin waya ya fi na fata kyau mai saye ya ji an yaudare shi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Karɓar ragama ta zo da nata nauyin, don yanzu duk abin da aka rubuta a kanmu yana shigowa wayata. Akwai sharhi biyu masu tauraro ɗaiɗai da suka daɗe a wurin ba wanda ya tanka.

Na farko ba namu ba ne. Mutumin yana ƙorafin takalmin da ya saya a Kano, mu kuwa ba mu da reshe a Kano. Na kai rahoto cewa sharhin bai shafi wurin ba, na kuma amsa a ƙasa cikin ladabi cewa mu a Sakkwato muke, wataƙila an samu kamancen suna.

Na biyu namu ne. Wani bawan Allah daga Kaduna ya ce ya sayi jakar rataye, ya shiga ruwan sama da ita, jan rini ya ɓata masa farar shadda. Kawu ya fara da cewa a cire. Na ce mai shago ba ya iya cire sharhi, sai dai ya kai ƙara idan zagi ne ko ƙarya ko talla, wannan kuwa mutum ne ya faɗi abin da ya same shi. Ya yi shiru, ya sa aka kawo tsohon littafin rasit, ya bi da yatsa har ya gano lokacin. Ya ce a daminar nan an matsa musu da oda, sun karɓi fatu daga hannun wani majemi da ba su saba da shi ba, kuma karan dafin bai kama yadda ya kamata ba. "Gaskiya tai ta," in ji shi. "Rubuta mai. Ka ce ya maido jakar a canza, kuɗin wankin riga kuma ni ka biya."

Na rubuta kusan yadda ya faɗa, ba kwana-kwana, na sa lambar shago. Ra'ayina shi ne wannan amsa ta fi duk hotunan da na ɗora amfani. Mai dubawa ba ya tsammanin shagon da bai taɓa samun ƙorafi ba. So yake ya ga yadda mai wurin yake yi idan ƙorafin ya zo. Kuma amsar tana zaune a fili, duk wanda ya zo bayan shekara zai karanta.

Talata, 11 ga Maris

Azumi. Na canza awowi: ana buɗewa bayan hantsi, a rufe kafin La'asar, a dawo bayan Asham. Akwai wurin sa awowi na musamman don ranakun biki, na sa na Ƙaramar Sallah tun yanzu. Abin ƙarami ne, amma mutum ya taso daga Arkilla ko Mabera da ƙishirwar azumi ya tarar da kwaɗo alhali waya ta ce a buɗe ake, ba zai rubuta alheri ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Wani ya turo saƙo ta WhatsApp, da hoton kansa cikin kwat. Ya ce zai samar mana sharhi 50 masu taurari biyar, da shafin Wikipedia, da babban akwatin bayani irin na manyan kamfanoni, duka a kan N150,000 cikin mako biyu. Yaya ya ɗan karkata, don cinikin Sallah ya kawo kuɗi a hannu.

Na ƙi, kuma ga dalilaina yadda na faɗa musu. Sayen sharhi, ko ba da ragi don a yaba maka, ya saɓa ƙa'idar Google, kuma idan aka gano ana share sharhin, wani lokaci a hukunta akwatin gaba ɗaya. Bayan haka sharhin haya yana da wari: mutum 50 da ba su taɓa taka Sakkwato ba, duk a mako guda, duk da Turanci iri ɗaya. Batun Wikipedia kuma, tun 2014 sharuɗɗan amfani da ita suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu ya bayyana wanda ya biya shi, kuma maƙalar da ba ta da majiyoyi masu zaman kansu gogewa ake yi. Babban akwatin kuwa ba wanda ke sayar da shi, domin ba a hannun kowa yake ba.

Kawu ne ya rufe maganar da misalin da ya fi nawa. Ya ce in za a ba mutum aure ba shi ake tambaya halinsa ba, maƙwabta ake bi da abokan sana'a da limamin shiyarsu, in bakinsu ya zo ɗaya sai a yarda. Wanda ya yi hayar masu yabonsa kuwa, ranar da aka gane ya rasa matar ya rasa mutunci. Haka na'urar nan take aiki, ko da yake ita ba ta san mutunci ba, daidaituwar shaida take nema.

Abin da muka yi maimakon haka: na buga gajeren adireshin rubuta sharhi a ƙasan sabon rasit, kuma duk wanda aka aika wa kaya ta mota ana tura masa bayan kayan sun isa. Ba a ce ya yaba, ana cewa ya faɗi yadda ya samu kayan. Wasu da Hausa suke rubutawa, kuma na fi son hakan.

Laraba, 16 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, aikin kwamfuta sai da asuba kafin wuta ta ɗauke. Shafinmu na intanet ya tashi, shafi ne ɗan ƙarami: su wane ne mu, me muke ɗinkawa, ina muke, ya ake samunmu. Amfaninsa shi ne ya zama gida, wurin da duk sauran shafuka za su nuna a ce ga asali.

A bayan shafin na saka wani rubutu da ido ba ya gani sai na'ura, bisa tsarin Schema.org, wanda Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa a 2011 don injunan bincike su riƙa karanta bayani da harshe guda. A ciki ana faɗa wa na'ura ƙarara: wannan suna ne, wannan adireshi ne, wannan lambar waya ce, wannan tambari ne. Akwai layin da ake jera sauran shafukan da suke na mai wurin, na sa Facebook da Instagram, bayan an mayar da sunayensu iri ɗaya. Na kuma yi wa shafin rajista a Search Console, asusun da Google ke ba masu shafukan intanet, wanda zai yi amfani nan gaba: idan babban akwatin ya taɓa fitowa, ta irin wannan asusu ko na YouTube ake tabbatar da cewa kai ne wakilin abin. Ko an tabbatar ma, shawarar gyara kake bayarwa tare da hujja, ba umarni ba.

Shafin nan da ya kai mu Kano na rubuta musu sau da dama, shiru. Na bar su. In majiyoyi masu kyau suka yi yawa, muryarsu za ta nutse.

Asabar, 10 ga Mayu

Na samu zama da wani daga cikin masu rubuta Wikipedia ta Hausa, a wata rumfar shayi kusa da Gawon Nama. Bai ɓoye mini ba: shagon Kawu bai cancanci maƙala ba a yanzu. Abin da ake nema shi ne a ce wasu da ba su da alaƙa da kai, jarida ko littafi ko binciken jami'a, sun yi rubutu mai zurfi a kanka. Rasit da shafin Facebook ba sa cikin lissafi. Wikidata, wadda aka buɗe a 2012 kuma ta gaji bayanai da yawa daga tsohon rumbun Freebase da Google ya rufe, ta ɗan fi sassauci, amma ita ma tana son hujjar da kowa zai iya dubawa. Ya kuma ce ko da mun cancanta, bai kamata ni ɗan gida in rubuta ba.

Sai hirar ta juya inda ban zata ba. Ya ce abin da ya cancanci rubutu, kuma yake da majiyoyi birjik, shi ne sana'ar kanta. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Ga jima da bagaruwa, ga rini da karan dafi, ga Shiyar Majema da ta Madunka da sunayensu kaɗai suka isa tarihi. Duk wannan kaɗan ne aka rubuta da Hausa a intanet. Wanda ya nemi dukancin Sakkwato ya samu bayani mai kyau da hotuna masu kyau, ya riga ya yi rabin hanyar zuwa zauren wani baduku, ko namu ko na maƙwabci.

Na dawo gida da wannan. Mun yarda zan ɗauki hotunan matakan aiki, daga jiƙa fata zuwa ɗinki, in ɗora su a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke ɗiba, da lasisin da kowa zai iya amfani da su, ba tare da sunan shago a jiki ba. Yaya ya ce to mu me muka ci? Na ce ba komai a wannan watan.

Alhamis, 12 ga Yuni

Layya ta wuce ranar Juma'a, 6 ga wata, kuma lungu ya cika da warin gishiri da ɗanyar fata. Kawu da yaransa ba su da lokacin waya, don haka ga inda aka tsaya.

Akwatin shago yana nan daidai: suna, wuri, lamba, awowi. Mutumin Kaduna ya karɓi sabuwar jaka ta hannun direba, ya gyara sharhinsa da kansa, ya bar tsohon bayanin ya ƙara na biyu a ƙasa. Sharhin takalmin Kano har yanzu yana nan da amsarmu a ƙarƙashinsa. Sau ɗaya wani ya ba da shawarar canza rukunin sana'armu zuwa shagon takalma, saƙo ya shigo, na mayar da shi yadda yake. Dole dai a riƙa leƙawa duk mako, don ƙofar shawarar jama'a ba ta rufuwa ko bayan an karɓi ragama.

Babban akwatin bai fito ba, kuma ban sa masa rana ba. Wani sabon abu da nake sa wa ido shi ne taƙaitaccen bayanin da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a saman sakamakon bincike, wanda Google ya fara a Amurka a Mayun 2024 ya faɗaɗa zuwa ƙasashe sama da 100 a watan Oktoban shekarar. Shi ma daga abin da ke rubuce a shafuka yake ɗiba, don haka tsohon adireshi da aka manta a wani lungu na intanet yana iya dawowa ta bakinsa. Na kuma lura ban taɓa duba yadda muke a Bing ba, wanda ke da nasa wurin rajistar shaguna, Bing Places.

Abin da ke gaba: hotunan jima, tunda yanzu ne fatu suka wadata a Majema, buga sabon littafin rasit don tsohon mai "da 'ya'yansa" ya kusa ƙarewa, da koya wa 'yar Kawu amsa sharhi, domin a Satumba zan tafi hidimar ƙasa kuma ba a san jihar da za a tura ni ba. Wani ɗan jarida na gidan rediyo ya ce yana son yin shiri a kan dukawan gari bayan Sallah. Kawu ya ce ya zo ranar Talata da hantsi, amma ya fara da tsohon da ke ƙofa ta uku, wanda ya girme shi a sana'ar.